Ɗigon da ke kan murafan inji

Motar ta yi ƙara ɗaya a tsakiyar hawan da ke zuwa wurin fasa dutse, kamar an jefa guduma cikin tukunya, sai ta mutu. Na sauko na buɗe gaba na tsaya ina kallo, sai ka ce kallo zai tashe ta. Akwai baƙin mai, akwai ruwa a lagireto. Injin da aka gama sabuntawa shekaranjiya ne fa, ko fentin jikinsa bai gama bushewa ba.

Motar gidanmu ce, mai jan ƙafa huɗu, ni nake tuƙa ta ina ɗauko dutse ta hanyar da ko jaki sai ya yi shawara. Garejin kuma na Baba ne. Yayyena biyu suna aiki a ciki, Yaya Babba da Dogo, waɗanda tun wani saɓani da suka yi bara ba sa haɗa magana sai da gira. Dogo ne ya kwance injin, Yaya ya haɗa, Baba ya yi ɗaurin ƙarshe.

Da aka jawo ta muka sauke injin, muka tarar kiranshaf, wato sandar da ke juyawa a cikin injin, ya zane, metal ɗin da yake kwance a kai kuma ya cinye. Nan kai ya kulle. Yaya ya ce famfon mai ne, aka gwada, lafiyarsa lau. Dogo ya ce kayan jabu aka sayar mana, mai shagon ya zo da kwalinsu yana rantse-rantse. Daga nan suka juyo kaina, wai na yi mata lodi tun ba ta saba ba. Ni da na fita da ita wayam!

Da aka rasa wanda za a kama, sai ido ya koma kan Baba.

"Baba, anya ka ɗaure su daidai?" in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "Idon nan naka fa sai a hankali."

"Ni ma na lura hannunka yana rawa," in ji Dogo. "Ka huta haka nan, Baba, ka bar mana."

Raina ya ɓaci. Shekara guda ba su yarda da juna a kan komai ba, sai yau a kan korar tsoho. Baba yana ta juya wani murfi a hannu.

Da suka fita cin abinci na tsuguna gaban murafan da ke riƙe kiranshaf. Kowanne akan buga masa ɗigo kafin a cire, don ya koma gurbinsa, in ba haka ba ya matse. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, ɗaya har biyar, ba kuskure. To me ke nan? Sai na ga tabon tsohon fenti a murfi mai ɗigo ɗaya, irin wanda ke can bayan injin wajen giyar mota, alhali daga gaba muka ciro shi yanzu. Dogo da ya buga ɗigon a wani gareji ya koyi aiki, daga baya wajen giya suke fara ƙirga. Yaya da ya haɗa ɗan hannun Baba ne, daga gaba wajen fanka yake farawa. Kowa ya yi daidai, kuma ba wanda ya tambayi wani.

Na nufi Baba da murfin.

"Na gani tun da aka buɗe," in ji shi. "Ajiye."

"To don me ka yi shiru, Baba? Korarka fa za su yi."

"In na faɗa, wannan zai ce laifin wancan ne, wancan ya ce na wannan. Kafin wata ya mutu sun raba sifanu da sauran kayan aiki. Ni kuwa tsufa ne laifina, ba wanda zai yi gaba da ni a kai."

"Amma ba gaskiya ba ne."

"Ka dai ce musu wannan karon wanda ya kwance shi zai haɗa."

Ya cire rigar aikinsa ya rataye, ya wanke hannu da fetur a hankali, har ƙarƙashin farce. Na rasa ko haushinsa nake ji ko tausayi.

Washegari na iso na tarar Yaya da Dogo sun kama injin tare, ɗaya yana cewa ɗaya ya sassauta sarƙar ɗaga inji, har da dariya. Na isar musu da saƙon Baba, zancen ɗigon kuwa na bar shi a cikina. Baba yana gida, an shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki.