Daga Ƙirji Zuwa Sama

Matarsa ce ta tura shi a keken guragu har layin gaba na zauren wasanni, shi kuwa sai cika yake yana batsewa. Wata takwas ke nan da injin ɗaga kaya ya danne masa ƙafar hagu a wurin aiki, likitoci suka yanke ta daga gwiwa. Tun ranar ba ya zuwa ko'ina sai asibiti. Inna, mahaifiyarsa da ke can gida, ba ta sani ba. Duk mako idan ya kira ta a bidiyo, daga ƙirji zuwa sama yake nuna mata, ya ce aiki sai godiya. Ita a ganinta ɗanta na ƙasar waje ƙiba ma ya yi.

Aka fara ƙwallon kwando a kan kekuna. Ƙarfe na dukan ƙarfe, wani ya kife da kekensa, kafin a kawo masa agaji ya dafa ƙasa ya tashi, ya wurga ƙwallo ta faɗa raga. Mutumin da aka yi ta lallashi kafin ya sa riga, sai ga shi yana dukan hannun kekensa yana yi wa alƙalin wasa faɗa. Matar ta tsokane shi, wai ashe wanda ya ƙi zuwa shi ya fi kowa baki. Ya yi dariya, ta farko tun daga asibiti.

Da aka tafi hutu, wata mata mai ƙafa ɗaya ta fito rawa da sanduna biyu. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya raɗa wa matarsa cewa yau zai gaya wa Inna, ya gaji, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ta matse masa kafaɗa kawai.

Autarsu, 'yar shekara bakwai, murna ta hana ta zama. Ta ɗauki wayar uwar ta kira kakarta Inna a bidiyo, ta nuna mata mai rawar.

"Allah sarki, baiwar Allah," in ji Inna. "Yanzu jarabawar mutane kuka je kallo? Ni da in ga ɗana a haka, gara a fara binne ni. Allah ya raba zuri'ata da wannan. Ina babanki?"

Yarinyar ta miƙa masa. Ya karɓa, ya ɗaga wayar daidai fuskarsa kamar kullum. Maganar da ya shirya ta koma ciki.

"Na yi addu'a ban ji ka amsa ba," in ji Inna.

Jama'a suka miƙe tsaye suna tafa wa mai rawa. Ya ja bargo da ɗaya hannun ya rufe gwiwarsa.

"Amin, Inna," ya ce.