Tsaye-tsayen Baba Direba

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba ya yi yana jan doguwar bas ta kamfani. A da, in ya tayar da mota ba ya taka birki sai tsakiyar hanya, inda kowa ke sauka ya miƙe ƙafa. Amma tun da ya haye sittin abin ya canza. Kafin a yi tafiyar awa guda mararsa ta ɗaure, ya fara mutsu-mutsu a kujera, yana matse cinyoyi, idonsa na laluben gefen titi mai 'yar duhuwa.

"Bari in duba tayar baya," haka yake ce wa fasinjoji.

Sai ya zaga bayan motar ya jira. Fitsarin kuwa sai ya ga dama. Ya ɗiga, ya tsinke, ya sake ɗiga. Yana komawa kujera ya ji kamar bai yi komai ba.

Matarsa ta lura. Wata safiya tana miƙa masa rigar aiki ta ce, "Baban yara, wannan zaryar banɗaki taka ba ta lafiya ba ce."

"Shayi ne ya yi yawa," ya ce, ya fizge rigar.

Daga ranar ya daina shan ruwa in zai yi tafiya. Leɓensa ya riƙa tsagewa, kansa na sarawa, matsalar kuma tana nan daram.

Wata Talata, da rana tsaka, ya tsaya karo na huɗu. Wani fasinja mai jakar ofis ya leƙo ta taga. "Baba, tayar nan in ta gaji da aure a sake ta mana!" Motar ta kwashe da dariya.

Shi bai ji abin dariya ba. A bayan motar ya yi nishi, ya yi yunƙuri, ko ɗigo bai fito ba. Mararsa ta yi tauri kamar an cusa dutse, gumi ya jiƙa masa wuya. Ya jingina goshi da ƙarfen motar mai zafi.

Ya ji takun mutum, ya yi sauri ya gyara wando. Wata dattijuwa ce da ke kujerar gaba, mai furfura da tabarau.

"Direba, ni tsohuwar nas ce. Tun yaushe rabonka da fitsari sosai?"

"Baiwar Allah, ki koma mota."

"Zan koma. Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun jiya da yamma."

"To, garin da ke gaba akwai asibiti. Za ka iya jan minti ashirin?"

Ya ja, a hankali, haƙoransa a datse. Ita ce ta juya ta yi wa fasinjoji bayani a taƙaice, ita ce kuma ta kira kamfani aka turo wani direba. Mai jakar ofis ya kama masa hannu har ƙofar asibiti.

Likitar da ya tarar sa'ar autarsa ce. Ya so ya ce a kira namiji, amma ciwo bai bar shi ba. Ya kau da fuska bango, aka saka masa robar fitsari. Da marar ta saki, sai da ƙwalla ta zubo masa.

"Baba, akwai wata 'yar tsoka a ƙasan mafitsarar maza," in ji likitar. "Idan shekaru sun ja takan kumbura ta matse hanyar fitsari. Sau da yawa kumburi ne kawai, wani lokaci kuma ciwon daji ne. Sai mun yi gwaji."

Mako biyu ya yi a gida yana jiran sakamakon gwajin, da jakar fitsari ɗaure a ƙafa. Ya kasa zama. Daga falo zuwa kicin, daga kicin zuwa ƙofa. Ya kwance fankar da lafiyarta ƙalau, ya sake ɗaurawa. Waya na ƙara, gabansa ya faɗi.

"Ka zauna, ka sa ni jiri," matarsa ta ce.

"In dajin ne fa?"

"In shi ne, tare za mu yi zaryar. Da ka ji maganata tun bara, da ba a titi abin ya same ka ba."

Sakamako ya fito: kumburi ne, ba daji ba. Aka cire robar, aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, aka ce ya riƙa zuwa duk wata uku, in bai yi sauƙi ba a yi masa aiki. Kamfani ya mayar da shi gajeriyar hanya ta cikin gari. Abin ya yi masa ciwo, kwana uku ba ya kula kowa.

A rana ta huɗu, a ɗakin hutun direbobi, wani ya tambaye shi abin da ya kwantar da shi. Ya faɗa musu duka, har robar. Matasan suka yi ta ƙunshe dariya. Yana fita, tsohon bakaniken garejin ya biyo shi yana goge hannu da tsumma, ya waiga hagu da dama.

"Abokina, ita likitar nan, wace rana take zama?"

"Alhamis," in ji Baba Direba. "Ka shirya da wuri, ni ma ranar zan koma."