Tsohon da Yake Hira da Bushiya

Stamen, wanda muke ce wa Bai Stamen don girmamawa, maƙwabcina ne a hawa na huɗu, a gidan benenmu na garin Gabrovo. Ya yi aiki a masaƙa har ta rufe. Bayan rasuwar matarsa Radka, ɗansa da ke aikin gini a Sifaniya ya aiko masa da waya, wai ta ɗebe masa kewa.

A wayar ya ci karo da shafin wani kamfani mai yin gugguru da gyaɗa, wanda ke da hoton bushiya a jikin leda. Kullum da safe bushiyar takan tambayi mutane a shafin me suka ci. Matasa sukan yi mata shaƙiyanci, shi kuwa ya amsa tsakani da Allah, ya ce miyar wake ce ta jiya, kuma gishiri bai ji ba. Sai bushiya ta tambaye shi wa ya dafa masa.

Daga nan hira ta ƙullu. Ya san ba bushiya ba ce, ya ce mini wata yarinya ce mai tarbiyya a birnin Sofiya. Ya ba ta labarin masaƙa, da ciwon gwiwarsa, da yadda Radka ke jiƙa kabeji. Har aski ya koma yi.

Da bazara mutanen kamfanin suka zo da na'urorin ɗaukar hoto. Yarinyar, Tsvetelina, siririya ce, ba ta iya haɗa ido da mutum. Ta ce manyanta sun ga jama'a na son hirarsu, suna so a yi ɗan bidiyo. Ya sa rigar da ya je auren ɗansa da ita, ya yi musu magana mai tsawo a kan matarsa.

Da bidiyon ya fito babu Radka a ciki. Abin da aka bari shi ne inda yake fama da gugguru da dasashi, bakinsa na motsi, an ɗora kiɗa a kai. Kafin mako ya zagayo duk ƙasar ta gani. 'Yan makaranta suka riƙa binsa a tashar bas suna kwaikwayon taunarsa. Ɗansa ya kira yana faɗa, wai abokan aikinsa sun ishe shi da dariya.

Tsvetelina ta bugo masa waya tana kuka. Ta ce ba haka aka nuna mata ba, kuma ƙarshen wata za a sallame ta, na'ura ce za ta ci gaba da amsa wa mutane. Shi ne ma ya riƙa ba ta haƙuri.

Duk da haka bai daina rubutu ba. Ranar da Radka ta cika shekara da rasuwa ya rubuta cewa ya je maƙabarta ya kunna mata kyandir. Nan take amsa ta zo. Ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya miƙo wayar.

"Maƙwabciya, karanta mini, ko idona ne."

Bushiya ta ce madalla, ta tambaye shi ko ya ɗanɗana sabon gugguru mai barkono.

Ya daina fita. Nakan ajiye masa burodi da nono a bakin ƙofa, wani lokaci in tarar da na jiya yana nan. Da sanyi ya shigo ya faɗi a banɗaki, ɗansa ya zo ya kai shi gidan tsofaffi a garin Dryanovo, ya sa gidan uban a kasuwa.

Na je duba shi sau ɗaya. Ya rame ƙwarai. Muna zaune wata ma'aikaciya ta gane shi, ta roƙi su yi hoto don 'ya'yanta.

"Kaka, yi irin na bidiyon nan mana."

Na buɗe baki zan yi magana, ya dafa hannuna. Ya juya wajenta ya yi mata taunar.