Damtsen Hamman

Hantsi ya ɗaga, hadarin da ya taru tun asuba ya ƙi zuba, ya ƙi watsewa. A gindin tsamiyar mai gari, a wani ƙauye gabas da Kirikasamma, masu lambar agana sun sauke akwatunansu daga kwalekwale. An yi shela kowa ya fito, har jariri.

Yagana na cikin layi, ɗanta Hamman goye a bayanta. Tun da safe ta so gudu, amma ruwa ya cika fadama ta ko'ina. Ga Shu'ibu dogari tsaye da bulala, yana duba damtsen duk wanda zai koma gida.

'Ya'ya maza biyu ta binne. Na fari tari da gudawa suka tafi da shi. Na biyun lamba aka yi masa kamar kowa. Ta sauran yara ta bushe ta bar tabo, tasa kuwa ta yi ta ci har ta kai kafaɗa.

"Matso, baiwar Allah," in ji Iliya, ma'aikacin lafiya, mutumin Filato.

"Malam, ka yi mini biyu, ka bar shi."

"Kai, ji mata!" Shu'ibu ya ɗaga murya daga nesa. "Rabon goro ake yi? Sauko da shi!"

Ta kwance goyon. Iliya ya buɗe bakin yaron, ya ga harshen fari fat kamar an shafa kindirmo, kunne na zubar da mugunya, ga maruru a wuya. Ya tambayi labarin yayyensa. Ta faɗa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"'Ya'yanki mata fa?"

"Lafiyarsu lau. Mazan ne ba sa zama. Haka ma ƙanena ya tafi tun yana nono."

Iliya ya janye allurar, ya rage murya.

"Akwai yaran da ake haifa jininsu ba shi da masu yaƙi da cuta. Na taɓa ganin ɗaya a Kano. Lambar nan da ke kare kowa, irinsu tana iya kashe su. Ki kai shi asibitin Haɗeja, ki faɗa musu duk abin da kika faɗa mini."

"To agana fa, Malam?"

"In duk garin nan suka yi, ba ta da ta inda za ta biyo ta same shi."

Shu'ibu ya fara tahowa, yana kaɗa bulala a ƙafarsa. Shi umarni ɗaya ya sani, ba ya jin wani bayani.

Iliya ya yi wa Yagana tata lambar. Sannan ya yagi auduga, ya manna ta da filasta a damtsen Hamman, inda allura ba ta taɓa ba.

"Na gaba!"

Shu'ibu ya leƙa, ya ga filasta, ya nuna mata hanya da bulalar. Ta saɓa yaron ta wuce da sauri, ko waiwaye ba ta yi ba.