Randar Domingu

"Ki ce masa hannuna da kifi," in ji Tante Yosefin, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Selvi ba ta gusa daga jikin shingen ba. Jikar maƙwabcinta Om Bertus ce, Opa take ce masa, ita ke jinyarsa tun da ƙafafunsa suka kumbura a farkon damina, kuma ta gaje shi a naci.

"Opa ya ce in kin faɗi haka, in ce miki kifin ya riga ya mutu, ba inda za shi. Shi ne dai ke kan hanya."

Yosefin ta ajiye wuƙar. Wata babbar motar kwantena ta wuce ta nufi tashar jiragen ruwa, gidajen unguwar Tugu suka yi 'yar girgizar da suka saba. Shinge ɗaya ne tsakanin gidanta da na tsohon, amma rabon da ta taka ƙofarsa tun kafin a haifi jikokinta, kuma duk unguwar an san dalili.

Ba gidan da ba shi da kakan da yake tinƙaho da shi a Tugu. Tun zamanin Kamfani, wato kamfanin cinikin Turawan Holan, aka zube kakanninsu a nan, lokacin wurin fadama ne da daji, ba komai sai sauro da aladun dawa, aka ce su zauna su tsare bakin iyaka. Wasu fatake ne, wasu sojan Kamfani. Gidan su Om Bertus jinin fatake ne. Kakan Yosefin kuwa shi ne Domingu, wanda ta taso tana jin cewa sajan ne, kuma ba ta taɓa tambayar sajan ɗin me ba.

Ranar da aka zo neman auren 'yarta Erna, dangin angon mutanen Ambon ne, masu ji da kansu a harkar soja, kowane tsoho a cikinsu da labarin barikinsa. Yosefin ba ta ga abin da zai sa ta yi shiru ba. Ta gyara zama ta kawo Sajan Domingu, yadda ya tsare kafin katakon da ke bakin kogi ranar da mahara suka zo.

"Sajan?" in ji Om Bertus, mai kiranta Nona Fin tun tana yarinya, yana lasar yatsa. "Nona Fin, ganga yake buga wa sojoji. Ɗan tsurut ne, kamar ke. Ranar da aka ƙone kafin nan, a cikin randa aka tsince shi. Randar tana nan bayan ɗakina, mai musu ya zo ya leƙa."

Kawun ango har ya ƙware da kofi don dariya. An yi auren, ba abin da ya hana, amma sunan ya manne. Mai kawo iskar gas ma in ya zo neman gidanta, "gidan Randa" yake tambaya.

Tun daga nan ta ɗauke masa kunci. Ranar Lahadi ta farko a sabuwar shekara mutanen Tugu ke taruwa a harabar coci don Mandi-mandi, makaɗa na kaɗa ƙananan jitocinsu, kowa ya tsoma yatsa a kwaɓaɓɓiyar hoda ya shafa a fuskar ɗan'uwansa. Wanda ka shafa wa ka yafe masa, wanda ya shafa maka ya yafe maka, sai a shiga shekara ba nauyi. Tun tana 'yar mitsitsiya Om Bertus ne ke fara shafa mata, kullum a kuncin hagu. Bayan maganar randa, duk shekara sai ya taho da farin yatsansa, ita kuma ta juya fuska, ya tsaya kaɗan ya goge a gaban rigarsa. Mace ce mai kirki, kowa ya shaida, amma in ta riƙe abu ko ƙaguwa sai haka.

Yau dai ta wanke hannu ta zagaya.

Ɗakin na warin man zafi. Tsohon ya zube ƙwarai, ƙafafun ne kawai suka yi suntum a kan matashi. Ta taga ana hango randar a bayan ɗaki, baƙa, mai sheƙi, tsayinta ya kai ƙirjin mutum.

"Selvi, ba mu wuri," in ji Yosefin. Ba ta son a ce an ga ta sauko. Yarinyar ta ɗauki jaka ta tafi kasuwa.

"Kin tsufa, Nona Fin."

"Kai kuma ka koma saurayi, Om. Me ka kira ni in yi maka?"

"Zauna. Ranar nan ba ki bari na ƙarasa ba."

"Akwai saura? Na ɗauka ka gama tsiraita mu."

Ya yi tari, ya nuna tagar da haɓa. "Randar ta kakanmu ce, bafatake. Shinkafa yake zubawa, a jirgi ya zo da ita. Ba ki taɓa tambayar kanki me ya sa muka ajiye ta har yau ba? Tulu nawa aka fasa a gidan nan, ita ko yaro ba a bari ya jingina da ita."

Ya ci gaba.

"Da maharan suka shigo, sojoji gudu suka yi, har da sajan ɗin na gaskiya. Domingu ma ya yar da ganga zai bi su, sai ya ga matar bafataken kwance a bakin ƙofa, an sare ta, jariri na tsala kuka a gefenta. Ya dawo ya ɗauke shi. Ba hanyar fita, wuta ta ci gaba, sai ya faɗa randar da shi ya ja murfi. Akwai guntun sukarin kwakwa a aljihunsa. Ya riƙa shafawa a yatsa yana sa wa yaron a baki don kada ya yi kuka, maharan suna yawo a kansu, har rana ta faɗi ta sake fitowa. Yaron nan shi ne Matiyas, mu zuriyarsa ne. Duk wanda kika gani a gidan nan daga randar nan ya fito, har ni."

Yosefin ta dubi randar, ta dube shi.

"Shekara da shekaru kana da wannan a baki, ka bar yara suna yi mini waƙa a titi?"

"Daɗin dariyar na ji," in ji shi. "In ka ba mutane dariya, ba ka son ka ɓata ta. Na ce gobe zan gyara. Goben ta zo kin juya mini ƙeya, ni ma na hau nawa dokin. Kuma gidanmu dama ba a son rabin nan. Fatake ne, girman kai gare su, ba sa so a ce ɗan ganga ne ya tsamo su. Kakata ce ta raɗa mini, ni kuma ban gaya wa kowa ba, ko Selvi."

Ya miƙa hannu kan kujerar da ke gefen gado. Sai a lokacin ta lura da ɗan faranti, an riga an kwaɓa hoda a ciki. Ya tsoma yatsa.

"Kawo kuncin."

A zuciyarta ta riga ta yafe, tun wajen sukarin kwakwa. Amma ta ja baya.

"Yau Laraba ce, Om, ko Kirsimeti ba a yi ba. Wa ya taɓa yin Mandi-mandi a ɗaki, ba kiɗa ba shaida? A gaban jama'a ka faɗi rabi, a gaban jama'a za ka faɗi sauran. A kujera za a ɗauke ka. Zan gayyato surukan Erna, har da kawun nan mai ƙwarewa da kofi."

"Nona, kin ga ƙafafun nan kuwa?"

"Ka ga sabuwar shekara sama da tamanin. Wannan ce za ta gagare ka?"

Ya daɗe yana kallonta, yatsan a sama. Sannan ya yi 'yar dariya. "Domingu dai ya fi ki saurin yanke shawara. To, Allah ya kai mu."

Ya goge yatsan a zanen gado, ya bar farin layi kusa da cinyarsa.

Ba za a ce ta yi sakaci da shi ba bayan nan. Kullum da hantsi sai ta miƙa wa Selvi kwanon romon kifi mai tsami ta kan shinge, irin wanda yake so, da barkono kaɗan. Ta kai ɗinkin sabuwar riga. Ta sa Erna ta kira dangin mijinta. Ta ma je ta samu samarin coci ta ce su tanadi kujera mai hannu da mutum huɗu masu ƙarfi. In ta leƙa shi, yakan ɗaga yatsa ya ce, "Yau fa?" ita kuma ta ce, "Ranar tana zuwa, Om, ka ci abinci." Ta ɗauka wasa suke yi, irin nasu na da.

Ya ga Kirsimeti. Ran sabuwar shekara makaɗa suka bi gida gida kamar kullum, suka tsaya a ƙofarsa, aka ce har ya kaɗa yatsu a kan bargo. Yosefin ta ji haka ta ce wa Erna, "Kin gani ko? Tsohon nan ƙarfe ne."

Ran Juma'a da safe tana goge sabuwar rigar, sai ta ji an taɓa shinge. Selvi ce, riƙe da kwanon romon jiya, ko murfin ba a ɗaga ba. Idanunta sun kumbura da kuka, tsohon ya cika. Yosefin ta tsaya da dutsen guga a hannu har warin ƙuna ya tashi.

Asabar aka binne shi, a maƙabartar da ke bayan cocin. Kafin a rufe akwatin ta shiga ɗakinsa ta ɗauko farantin nan. Hodar ta bushe ta tsattsage. Ta ɗiga ruwa, ta dama da yatsa, ta sunkuya ta shafa masa a kunci. Fatar ta yi sanyi. Hannuwansa suna naɗe a ƙirji cikin farar safar hannu, kamar yadda ake yi wa kowa.

Da aka dawo gida ana shan kofi a ƙarƙashin rumfa, ana ta tuna barkwancin marigayin, ba a daɗe ba wani ya kawo maganar randa. Yosefin ta miƙe. Ta faɗi duka, matar da aka sare, jaririn, sukarin kwakwa, Matiyas.

Wani dattijon coci ya dafa hannunta.

"Tante, mai labarin ko kwana bai yi a ƙasa ba, har kin fara yi masa gyara?"

"Shi ya gaya mini da bakinsa. Selvi, faɗa musu."

Selvi ta sunkuyar da kai. "Ba na ɗakin, Tante. Kin ce in ba ku wuri. Ni Opa bai taɓa gaya mini wannan ba." Ta share ido. "Abin da dai ya ce, in ya tafi a kai miki randar. Ya ce taku ce."

Nan rumfar ta ɗauki dariya, dariyar mutanen da suka gaji da kuka. "Kai, Bertus," in ji wata tsohuwa tana girgiza kai, "har a kabari bai daina tsokanarta ba." Samarin nan huɗu da ta tanada don kujera, su suka ɗauko randar da yamma suka tsallake da ita shingen, suka ajiye a gindin mangwaronta.

Lahadi aka yi Mandi-mandi, don ba a ɗaga shi saboda mutuwa. Surukan Erna sun zo kamar yadda aka gayyace su, kawun nan ya tsufa ƙwarai, bai ma tuna da wata randa ba. Jitoci suka ɗauka a hankali, daga baya suka sake. Yosefin ta sa tsohuwar riga. Ta shafa wa duk wanda ya zo gabanta, aka shafa mata a goshi, a hanci, a haɓa, a kuncin dama. Amma tafinta na hagu na manne a fuskarta tun da ta shigo harabar.

"Oma, haƙori ne?" in ji ƙaramar jikarta, ta ɗago farin yatsa.

"A'a. Shafa a nan." Ta juya mata ɗaya gefen.

Ba ta jira rabon abinci ba ta koma gida. An yi ruwa da asuba, ba wanda ya tuna ya rufe randar. Ta dafa bakinta da hannu biyu, ta yi ɗage ta leƙa. Ciki ya fi yadda take zato ƙunci, da ƙyar mutum zai durƙusa, balle da jariri a ƙirji. Can ƙasa ruwan ya taru kaɗan, ga fuskarta a ciki fari fat, in ban da kuncin hagu.

Wata motar kwantena ta wuce a titi. Ruwan ya yi rawa, fuskar ta watse, ta tsaya tana jira ya kwanta.