Rufin Ɗakin Gwaggo Raliya

"Kai ka karya mini ɗaki, Sa'id. Kai da ƙahon nan naka."

Gwaggo Raliya ta faɗi haka tana tsaye a tsakar gida, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da kwanon da ta tara jan ruwan da ya kwana yana ɗiga a kan buhunan dawarta. Sa'id, ɗan ƙanenta marigayi, yana bisa rufin ɗakin, ya kafa ƙahonsa na saks a baki ya lumshe ido. Ko bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba.

Yaƙi ne ya koro shi daga Hartum, shi da matarsa Hanaa mai waƙa, da abokan kiɗansa biyu, Bilyamin mai jita da Jibo mai ganguna. A can kiɗan jaz suke yi a manyan ɗakunan taro. Da suka sauka Mai Wurno, garin Hausawa a bakin kogi, ba su da komai sai kayan kiɗan, ita ta share musu ɗaki, ita ke tuƙa musu tuwo. Hanaa ce ta ƙirƙiro dabarar su riƙa kiɗa daga gida, a ɗaura talho, wato wayar hannu, a sanda, mutanen Jidda da Alƙahira da Kano su kalla. Sai dai shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta kamawa a tsakar gida. A saman ɗakin Gwaggo kaɗai take kamawa.

Rufin laka kuwa da damina ko akuya ba a barin ta hau. Amma ƙattin nan suka hau da lasifika da kujeru, Jibo yana dukan ganga da ƙafa kamar mai sussuka. Azara ɗaya ta tsage, rufin ya buɗe baki. Da safe ta nuna wa Sa'id, ya leƙa, ya ce, "Bukra, Gwaggo, gobe in sha Allah." Yanzu ga la'asar, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta tsallaken kogi, ga su sun sake hawa, sun ɗan matsa gefe wai su masu hankali. In ruwan nan ya sauka a haka, dawar da gidan zai ci har kaka ta tafi.

Ta ajiye kwanon, ta tattare tob ɗinta, dogon mayafin matan Sudan, ta ɗaure a ƙugu, ta kama tsani.

Jibo ne ya fara ganin kanta ya ɓullo. Sandunan suka tsaya a hannunsa. Ta taka a hankali ta bin kan bango, inda rufin ke da ƙarfi, har ta iso gabansu.

"Haboba," Hanaa ta raɗa mata, haka take kiranta, wato kaka, "mubashir ne fa, kai tsaye ake nuna mu. Duniya na kallo."

"To ta kalla. Ina take?"

Hanaa ta nuna mata talhon da ke kan sanda. Gwaggo ta duƙa ta leƙa. Fuskarta ta gani, da waɗansu ƙananan rubuce-rubuce suna hawa sama kamar tururuwa. Ba ta san baƙi ba, amma ta san taro in ta gan shi.

"Salamu alaikum, jama'a. Ni ce Raliya, mai ɗakin ga da ake yi muku rawa bisa kansa. Kun ga wanga mai ƙaho? Ni na goye shi. Ya zo mini ba ko takalmin kirki, na ba shi wurin kwana, shi kuma ya hau mini kai. Ɗiyata, juya musu su gani."

Hanaa ta dubi mijinta, ta dubi tsohuwar, ta juya talhon. Tsagar ta fito fili, har ana hango buhunan a ƙasa.

"Gwaggo, Allah ya bar ki, ki bari mu gama," in ji Sa'id, murya ƙasa ƙasa. "Da kiɗan nan muke cin abinci."

"Da dawar da ke ƙarƙashin ƙafarka kake cin abinci."

Bilyamin ya sunkuyar da kai yana dariya a cikin jitarsa. Hanaa kuwa idonta na kan rubutun. Ta ce mutane sai ƙaruwa suke, ba su taɓa samun taro haka ba. Wata daga Madina ta rubuta cewa muryar kakarta ta ji. Wani ya ce ba zai ƙara sauraren busa ɗaya ba sai an gyara wa hajiya ɗaki. Wani kuma ya ce a faɗi inda zai turo taimako.

"Ce mishi na gode," in ji Gwaggo, "ya riƙe abinsa. Taimakon da ke cikin talho ba ya tare ruwa. Hannuwa nake so, kuma ga su nan har takwas suna zaune."

Ta karɓe makirfon daga hannun Hanaa, ta hura shi kamar yadda ta ga suna yi, ta fuskanci unguwa.

"Mati mai gini, na hango ka ƙarƙashin dogon yaro, tashi ka ɗauko azara. Ma'u, bar wankin nan ki zo da ɗiyanki da kwanoni. Gayya ce gidan Raliya. Duk wanda ya taɓa shan kununa ya fito."

Muryarta ta kai har bakin kasuwa. Maƙwabtan da suka daɗe suna toshe kunne da busar 'yan Hartum suka fara leƙowa ta kan katanga, sannan suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Lakar yaɓe dama tana nan a rami bayan ɗaki, ta jiƙa ta da kashin shanu da haki tun kafin baƙin su zo, ta ruɓe ta yi daidai, masu ɗauka ne babu.

Aka sauke kayan kiɗa. Jibo ya naɗe wando ya tsaya bakin ramin yana toshe hanci.

"Shiga," in ji Gwaggo. "Ƙafar da ta iya fasa rufi ta iya kwaɓa laka."

Ya shiga. Bilyamin ya shiga layin masu miƙa kwano, farar rigarsa ta koma kalar ƙasa. Sa'id ya ajiye saks zai ɗauki kwano, ta riƙe masa hannu.

"Kai ba ka da ƙashin aiki, tun kana yaro. Gayya kuma ba ta yi ba makaɗi. Hau katanga ka busa, amma ka bi ƙafar masu kwaɓa, kada ka yi mini kukan nan naka na jaki."

Ya hau. Da farko busar ta fito a ɗarare. Sai ya saurari ƙafafun Jibo cikin laka, caɓ, caɓ, ya kama su, ya ɗora. Kwanoni suka fara tafiya da kiɗan daga hannu zuwa hannu. Mati ya cusa sabuwar azara yana gyaɗa kai. Hanaa ta kafa sandar talho a ƙarshen tsani, tana rera duk abin da Ma'u da matan suka jefo mata, su kuma suna amsawa da guɗa. Gwaggo tana tsakiya tana nuna inda za a ƙara, inda za a shafe, ba ta bar ko tafin hannu ɗaya ya wuce ba ta duba ba.

Iska ta taso da sanyi lokacin da Mati ya shafe kwanon ƙarshe. Suka shimfiɗa tamfol a kan ɗanyen yaɓen, suka danne da tubali, kowa ya ruga. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Gwaggo Raliya ta shiga ɗakinta ita kaɗai ta tsaya a tsakanin buhunan, ta ɗaga kai. Indararo na ta zuba a waje. Ta jira. Ta ɗora tafin hannu a kan buhun sama, ta shafa, ta sake shafawa. A bushe yake ƙayau.

Da ruwan ya tsagaita ta dafa musu jabana, wato gahawa, a rumfa, da citta mai yawa, har da Jibo ta ƙara wa sukari. Sa'id yana ta murna, wai yau ne ya yi kiɗan da ya fi kowanne a rayuwarsa.

"Madalla," ta ce. "Saura magana ɗaya. Kai na san ka, ba ka da zuciyar hawa ɗakina da kanka. Wa ya ba ku izini?"

Sa'id ya duƙufa a kan finjalinsa. Bilyamin ya dubi sama. Hanaa ce ta kasa riƙewa.

"Nuraddeen ne, Haboba. Ɗanki na Jidda. Shi ya ce saman ɗakin Inna ya fi ko'ina shabaka, ku hau, ba za ta ce komai ba. Ɗazu ma yana cikin masu kallo, shi ya fi kowa turo alamar tafi."

Gwaggo ta ajiye finjalinta a hankali. Ta miƙe, ta sake ɗaure tob.

"Sa'id, riƙe mini tsani. Ke kuma kunna abin nan, ki tara mini mutanen ɗazu."

Ta hau har matakin ƙarshe, yayyafi na sauka a kan kallabinta, ta ɗaga talhon daidai fuskarta. Rubutun ya fara hawa.

"Nuraddeen, na san kana ciki. Ba tafi na ce ka yi mini ba. Fito gaban jama'ar ga ka gaya musu yaushe na mutu har ka fara rabon ɗakina. Ina nan tsaye, ba ni sauka sai ka amsa."