Wata Huɗu a Ɗakin Saƙo

Wata huɗu ke nan da aka yanki ɗan nama daga ƙullutun da ya fito wa Doña Hermelinda Chilón a mama, aka ce za a aika Lima, babban birnin ƙasar, a duba ko ciwon daji ne. Kowace Litinin sai ta je asibitin garinsu Cajamarca neman sakamako, amsar ma'aikaciyar da ke bakin taga kuma ɗaya ce kamar an haddace.

"Bai dawo ba, mamita. Ki ƙara haƙuri."

Haƙuri kam ta yi shi har ya gaji da ita. Abin da ta fara ji kamar ƙwayar wake ya kai ƙwan tantabara, likita kuwa ya ce ba ya ɗaukar wuƙa sai ya ga sakamako. Tsoro take ji ƙwarai. Yayarta ma haka ta tafi, ana jiran takarda.

Ran nan sai ta ƙi matsawa daga tagar, ta dubi ma'aikaciyar.

"'Yar nan, da ƙafa naman nan ya tafi Lima?"

"A bas muke aikawa, kamar kowa."

"To ina rasit?"

Nan fa aka zo gidanta. Shekara ashirin da shida Hermelinda tana aika cuku Lima a bas. Ta san kowane saƙo da lambarsa da sunan mai karɓa, kuma ba a miƙa shi sai mai sunan ya zo da katin shaidarsa. Ma'aikaciyar ta yi tsaki, ta yi ƙunƙuni, ta dai tono rasit ɗin daga fayil. Mai karɓa: Anacleto Terán. Hermelinda ta kwafe lambar a bayan katinta na asibiti. Zuwa da kai ya fi aike, washegari ta hau bas ɗin da kanta.

A ɗakin saƙo na tashar Lima, mai ba da kaya ya ga sunanta ya kwashe da dariya.

"Ashe ke ce mai cukun nan da ke cika mana ɗaki da wari!"

"Warin ai bai hana ka tumbi ba. Duba mini lambar nan."

Ya shige ciki, ya daɗe, sannan ya kira ta ta leƙa. Ga ɗan kwalinta can bayan buhunan dankali, duk ya yi ƙura. Ba shi kaɗai ba ne, kwali goma sha biyu ne reras, duk da suna ɗaya. Don Anacleto masinjan babban asibiti ne, ya yi ritaya tun watan Maris. Mutanen Cajamarca kuwa, da yake shekara talatin sunan da suka saba rubutawa ke nan, sai suka ci gaba da abinsu. Can suna cewa an aika, nan suna cewa ba su gani ba, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗi.

"Miƙo mini," in ji ta.

"Ba sunanki ba ne, señora."

"Naman jikina ne a ciki!"

"Ko zuciyarki ce, sai da katin mai suna."

Ta buɗe baki za ta zage shi, sai ta tuna dokar nan ce ta hana a taɓa cinye mata cuku ko sau ɗaya. Ta haɗiye zagin. A jikin kwali akwai lambar wayar mai karɓa, ita ta kira.

"Ai ni na yi ritaya, señora," in ji wata tsohuwar murya.

"Kai ka yi, Don Anacleto. Ciwon bai yi ba. Mu goma sha biyu ne nan a bayan dankali muna jiranka."

Sai ya ce, "Kar ki motsa daga nan."

Kafin awa biyu ya iso da silifas, yana haki. Ya sa hannu sau goma sha biyu, yana ta faɗin, "Babu wanda ya gaya mini, babu wanda ya gaya mini." Tausayinsa ya kama ta. Ta shimfiɗa mayafinta ta ɗaure kwalayen, ta goya su a baya, shi kuma ya shige gaba. Masu gadin asibitin duk yaransa ne a aiki, ba wanda ya tare su har ɗakin gwaji.

Kwana tara ta yi a gidan wata ƙawarta, aka yi mata hoto, sannan likita ya kira ta. Yaro ne matashi, sai kame-kame yake yi.

"Faɗi kawai, ɗana. Na yi tafiyar awa goma sha biyar don in ji."

"Ciwon daji ne. Amma bai bazu ba. Ana iya cirewa."

"Yaushe?"

"Ranar sha bakwai ga wata."

Ta fito baranda da takardar sakamakon a hannu, zuciyarta fes. Ta kira 'yarta Zoila, ta ɗaga murya har masu jiran layi suka waiwayo.

"Zoila! Shi ne! Ciwon dajin ne! Ke, kukan me kike yi? Share hawayenki ki nemo bas, ranar sha bakwai za su cire shi."